Kwat ɗin Khue da Hular Tuong

Tun da mijin Nhan ya rasu, duk wata hidimar gidanta a wuyan yayanta Khue take. Shi ya sa da ɗanta Bach ya samu yarinya a Gia Lam, tsallaken Jan Kogi, babu mai jagorantar masu kai kayan neman aure sai kawun nasa. Khue kuwa a taragon jirgin da ke zagaya cikin birnin Hanoi ya tsufa yana yankan tikiti. Ya iya daka wa fasinja tsawa, amma a tsayar da shi gaban manya ya yi jawabi, sai harshe ya ɗaure.

Lokacin tsakiyar sanyi ne, ga yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sai dai ya shige ƙashi. Khue ya buɗe akwati ya zaro doguwar kwat ɗin ubansa, ta ulu, ruwan toka, ɗinkin zamanin Faransawa. Ta daɗe a ƙasan akwatin, don an yi shekarun da in ka saka irinta sai a ce kai ɗan jari-hujja ne. Ya saka ta, ya ɗora koriyar hular kwanon soja da kowane namiji ke yawo da ita, ya tsaya gaban ƙanwarsa.

Nhan ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, daga wuya zuwa ƙasa likita ne kai. Daga wuya zuwa sama kuwa kurtu."

"To in tafi da sanƙo a waje?"

"Ka je wurin Tuong."

Tuong maƙwabcinsu ne, tsohon mai busa sarewa a gidan wasan kwaikwayo, kuma shi kaɗai ne a lungun yake da fedora, hular nan ta gashi mai baki zagaye da lotsa a ka. Matsalar ita ce tun bara ba sa ga maciji da Khue, kan wata dara irin tasu mai 'ya'yan da ake kira dawaki, da kowannensu ya rantse ɗayan ya matsar da doki yana waige.

Khue ya haɗiye girman kai ya je. Ya tarar da Tuong a ƙofar gida yana ɗumama hannu da kofin shayi.

"A'a, ɓarawon doki ne da safen nan?"

"Aron hula na zo, ba faɗa ba."

Tuong ya shiga ya fito da ita, ruwan ƙasa mai duhu, da baƙin zirin ƙyalle a gindi. Khue ya kai hannu zai cafke ta ta ka, Tuong ya doke hannun.

"Ta baki ake riƙe ta, da hannu biyu. Ba kan kifi ba ne." Ya ɗora masa, ya karkato ta kaɗan wajen girar dama. "Ɗaga wuyan kwat ɗin. A'a, bayan kawai. Ɓalle maɓallin ƙasa. Yawwa. Ruwan ƙasa a kan toka, shi ke nan, kada ka ƙara musu wata kala." Ya ja baya yana kallo, sai ya cire abarsa. "Amma ba ta fita ba ni. In kana so, a sa ni cikin 'yan rakiya."

Ran tafiya aka jera tirori lulluɓe da jan ƙyalle, na shayi da giya da ganyen taunawa, a kan kekunan haya masu kujera a gaba. Khue da Tuong suka matsu a keke ɗaya. Suna hawa gadar Long Bien iska ta taso daga kogin, Tuong ya fizge hular daga kan Khue ya rungume ta a ƙirji. Shi kuwa 'yar shara ce a jikinsa, wadda yake hawa dandali da ita tun yana saurayi. Kafin tsakiyar gada leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙora na kaɗawa.

"Mutuwa za ka yi mini a ranar farin ciki?" in ji Khue. Ya tuɓe kwat ɗin ya rufa masa. "In mun isa ka ba ni."

Da suka sauka daga gadar Tuong ya zura hannuwa a kwat ɗin, ya ɗora hularsa don ya huta da riƙo. Sun ɗauka da sauran tafiya, ashe gidan na nan bakin hanya, dangin yarinyar sun yi layi a ƙofa. Kakarta, tsohuwa mai rinannun haƙora, ta dubi mutum biyun da ke keken gaba: ɗaya cikin kwat da fedora, ɗaya cikin rigar saƙa da sanƙo. Ba ta yi wata-wata ba ta kama hannun Tuong.

"Sannu da zuwa, kawun ango. Shigo, ga wurinka."

Khue ya buɗe baki, Nhan ta taka masa ƙafa. Gyara wa tsohuwa zance a ƙofar gidanta, gaban 'ya'yanta, ba da shi ake fara neman aure ba.

Tuong ya cire hular da hannu biyu, ya rusuna gaban teburin da ake girmama kakannin gidan, aka zaunar da shi a kujerar sama. Da lokacin magana ya yi ya miƙe. Ya ce Bach maraya ne amma ba a bar shi ya san maraici ba. Ya ce yaron yana ƙarami ya taɓa bin tarago da gudu har tasha don ya mayar wa wata mata laimarta. Gaskiya ne, kuma Khue ne ya ba shi labarin, a kan dara, shekarun baya. Khue na can ƙarshen benci kusa da ƙofa, sanyi na dukan ƙeyarsa. Haushi yake ji, amma ya san da shi ne a tsaye da tuni ya tsaya a gaisuwa. Ya ga Nhan tana share ido da bakin gyale.

Aka karɓi kaya, aka sa rana. Wata inna ta miƙo wa Khue shayi tana tambaya ko shi ne mai kekunan.

A hanyar dawowa Khue ya karɓe kwat ɗinsa tun kafin gada.

"Ka ji jawabi?" in ji Tuong.

"Na ji. Labarina ka sata."

"Kai ma ka saci doki."

Bayan biki Bach ya yi wa surukansa bayani, kowa ya yi dariya ya gane, ban da kakar. Ita ta ce ta ga kawun da idonta. Har ta bar duniya, duk sabuwar shekara gidan Tuong take aika ƙunshin dafaffiyar shinkafar biki mai nama a ciki. Shi kuma sai ya yanka ta da zare, ya aika wa Khue ɓarin da ya fi ƙarancin nama.