Wanda Ya Tafi Itace

Shekara bakwai Metonu yana cewa zai kai iyalinsa Libreville ta ƙasar Gabon wurin ƙanensa, har 'yan unguwarsu a Wida ta ƙasar Benin suka gaji da tambaya. Ranar da jirgi ya sauke su, da azahar, su uku ne a takarda: shi, matarsa Ablawa, da 'yarsu Zinhuwe. A wurin Ablawa kuwa su huɗu ne. Na huɗun yana soke a ƙugunta, kansa ya leƙo ta saman zani, ɗan mutum-mutumin itace da bai wuce tafin hannu ba.

Zinsu ke nan, wanda aka haifa tare da Zinhuwe. A al'adarsu ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. Cewa ake ya tafi daji itace. In kalmar ta fita a gabansa, zai gane babu komowa, sai ya kira ɗan'uwansa ya bi shi. Shekara shida ana yi masa wanka, ana ajiye masa wake da manja, Zinhuwe kuma ko ciwon kai ba ta yi.

Ma'aikacin shige da fice ya daɗe yana juya takardar haihuwa.

"Nan an rubuta biyu. Ina ɗayan?"

"Ya tafi itace, ranka ya daɗe," in ji Metonu.

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

Mutumin ya ajiye biro. "Malam, ko dajin Kwango ya sare ai ya ci a ce ya dawo. Mun san yadda ake shigo da yara ƙasar nan aikatau. Wa ka ba shi?"

Ablawa ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskar mijinta. Ta ce da harshen Fon, a hankali, "Baban 'yan biyu, kama bakinka. In komawa ce mu koma."

"Mu koma mu ce wa mutane me? Mun ga rufin filin jirgi?"

Ta bayan gilashi yana hango ƙanensa yana ɗaga musu hannu. Ya yi furfura. Metonu ya dubi ɗan itacen. Tun da aka sassaƙa shi ba a taɓa yi masa magana da wani harshe ba sai Fon. Da shi ake lallashinsa, da shi ake kiransa cin abinci. Faransanci harshen ofis ne. Ina zai ji?

Ya matsa kusa da tagar, ya faɗi kalmar. Gajeruwa ce a Faransanci.

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, ya yi masa gaisuwa, ya buga hatimi sau uku.

Sun kusa ƙofar fita Metonu ya ji hannun 'yar ya yi sanyi a cikin nasa. Ta tsaya. Ba kuka take ba. Ta karkatar da kai gefen ƙugun uwarta, kamar mai sauraron raɗa.

"Taho, Zinhuwe. Ga baffanki can."

"Ya ji, Baba."

"Wa?"

"Ai tare muke zuwa makaranta. A jakata Mama take sa shi. Ya fi ni Faransanci."

Ablawa ta dafe ƙugunta da hannu biyu.

Metonu ya durƙusa a kan tayil, mutane suna kewaye shi da akwatuna. "Me ya ce?"

Yarinyar ta zare hannunta daga nasa, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ce in na sa takalmi in cire. Hanyar zuwa wurinsa akwai ruwa."

Ta sunkuya ta fara kwance igiyar.