Kyandir Mai Shatin Haƙora

Ranar Juma'a da hantsi Eulalia ta durƙusa ta jawo tsohon akwati daga ƙarƙashin gado. Lahadi mai zuwa 'yarta Otilia za ta karɓi Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki ta coci, karo na farko, kuma shiri ya kusa kammala. Farar riga na rataye a ƙusa cikin leda. An aro bencina daga maƙwabta. Mijinta Nicanor yana tsakar gida yana ɗaura tamfol tsakanin bishiyar mangwaro da katanga, yana zagin igiya kamar tana ji. Abin da ya rage kawai kyandir ɗin baftismar yarinyar, wanda za ta riƙe ta shiga coci.

Kowane ɗa a garin da nasa kyandir. A kunna masa ranar baftisma, a kashe a adana. A sake kunnawa ranar Jibi, da ranar aure, sai kuma ranar da za a damƙa masa shi a hannu ya tafi da shi kabari.

Ta warware tawul ɗin da aka naɗe shi a ciki. Ya yi ɗan ja saboda daɗewa, ga farin ƙyalle ɗaure a tsakiyarsa. Ta kai babban yatsa ta shafa samansa don ta share ƙura, sai yatsan ya faɗa cikin wasu 'yan ramuka. Ta matsa kusa da taga. Shatin haƙora ne ƙanana, huɗu a sama, huɗu a ƙasa, dab da lagwani.

Ta san mai haƙoran. Fermín ne, ɗanta na fari. Yana ɗan shekara biyu ya buɗe akwatin nan ya gatsa kyandir ɗinsa, ya zaci alewa ce, ya yi ta tofarwa yana kuka suna dariya. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana da shekara shida, a wata damina da kogi ya shigo har bakin ƙofa. Ita da kanta ta riƙe masa kyandir a hannu har ya cika, ita ta sa masa shi a akwatin gawa.

To in nasa yana nan, wanda aka binne da shi na Otilia ne.

Eulalia ta zauna a ƙasa daɓas. Shekara biyar hasken 'yarta yana ƙarƙashin ƙasa, a hannun mamaci. Nan take ta tuna abubuwan da ta daɗe tana kau da kai daga gare su. Hannun Otilia kullum da sanyi, ko a tsakiyar zafi. Ba ta taɓa cinye burodi, sai ta bar rabi a gefen faranti. Karen gidan ma wani lokaci yakan tsaya a ƙofar ɗakin yara yana kaɗa jela, alhali babu kowa a ciki.

"Komadre! Kina ina? Zo ki karɓe ni, wuyana zai karye!"

Hermelinda ce, uwar baftismar Otilia, ta shigo da damin ganyen ayaba a kafaɗa. Saboda wannan zumunci ne ita da iyayen yarinyar suke kiran juna komadre da kompadre, yarinyar kuma tana kiranta Madrina. Ta tsaya ta dubi tamfol ta dubi Nicanor.

"Kompadre, wannan rumfar ta baƙi ce ko ta kaji? Iska ɗaya za ta kai ta gidan Fada," in ji ta, tana nufin limamin cocinsu.

"In ta je can sai ki bi ta, dama kin kwana biyu ba ki yi ikirarin zunubi ba," in ji Nicanor.

"Ni? Na yi makon jiya. Rabin abin da na faɗa ma a kanka ne."

Tana dariya ta shiga ɗaki. Da ta ga Eulalia a ƙasa dariyar ta tsaya. Eulalia ta miƙa mata kyandir. Hermelinda ta juya shi, ta ga shatin, ta yi alamar gicciye.

"Wayyo Uwa Maryamu. Na yaron ne."

"Nata yana wurinsa, komadre. Yana riƙe da shi. In ta shiga coci da nasa, ai na gama musanya su ke nan. Shi yana da nata, ita tana da nasa. Me ya rage in ba ya kira ta ba?"

"Rufe bakinki, kada ki jawo mana. Kakin zuma ne da zare, ba wani abu ba." Amma Hermelinda ta ajiye kyandir ɗin a kan gado da sauri, ta goge hannunta a siket. "Gobe da safe zan shiga kasuwa in sayo sabo, mai zanen inabi da alkama. Fada ba ya duba gindin kyandir. Yara talatin ne, shi ta karin kumallonsa yake. Wannan ki mai da shi inda yake. Kompadre ya sani?"

"A'a."

"To bar shi da igiyarsa."

Ranar Asabar gidan ya cika da hayaƙi. Nicanor ya yanka talotalo, ya zauna yana fige shi yana ƙorafin cewa tsuntsun ya fi shi cin masara a gidan nan. Eulalia tana gifta ganyen ayaba a kan wuta don ya yi laushi, Hermelinda tana murza ƙullun masara da kitse don tamal, wanda ake ƙunshewa a ganye a dafa kamar alala. Sabon kyandir na kan tebur cikin kwalinsa, fari tas, har ƙyalli yake.

Da rana ta take Otilia ta dawo daga coci, inda yaran suka yi ikirarinsu na farko. Siririya ce, haƙoranta na gaba sababbi manya, sun yi wa fuskarta yawa.

"Zo nan, tsarkakakkiya," in ji Hermelinda. "Me kika gaya wa Fada? Kin faɗa masa ke ce mai satar sukarina?"

"Ba a faɗa, Madrina. Sirri ne."

"Ji min yarinya! Je ki duba abin da na kawo miki."

Otilia ta buɗe kwalin, ta duba, ta rufe.

"Yana da kyau, Madrina, na gode. Amma ba shi zan riƙe ba. Mama, ina na cikin akwati? Wanda Fermín ya ciza."

Ganyen da ke hannun Eulalia ya kama wuta. Ta yar da shi ta taka.

"Wa ya gaya miki akwai shi?"

"Ai ni na bar shi a ciki." Yarinyar ta faɗa kamar mai ba da labarin abin da aka ci jiya. "Ranar nan da ruwa ya shigo, kina riƙe da Fermín, kika ce in ruga in ɗauko kyandir ɗin yayana. Na buɗe na ga nasa duk cizo. Kuma na ji Kaka tana cewa hanyar da zai bi da duhu. Shi kuwa kin san shi da tsoron duhu, ko bayan gida sai na raka shi. Sai na kawo masa nawa, mai kyaun."

Nicanor ya daina figa. Gashin talotalo na ta yawo a tsakar gida, babu wanda ya kore shi daga kan ƙullu.

"Shekararki huɗu fa lokacin," in ji Eulalia.

"Na tuna. Ba ƙwace min ya yi ba, Mama, ni na ba shi. Shi kuma ya bar min nasa. Bai samu ya karɓi Jibi ba, ko rigar ba a ɗinka masa ba. In na shiga da kyandir ɗinsa, ai ya shiga ke nan."

"A'a," in ji Eulalia. Ta tashi ta shige ɗaki.

Ta zauna a bakin gado ta ɗauko tsohon kyandir ɗin. A waje tana jin Hermelinda na ƙoƙarin mai da hira, tana cewa Nicanor ya bar wa talotalon gashi a hammata kamar ɗan'uwansa ne. Babu wanda ya yi dariya. Eulalia ta sa yatsa cikin ramukan. Tsoron da ya kwana a ƙirjinta tun jiya ya ragu, gama abin da aka bayar da hannu biyu ba ya zama tarko. Amma ba ta ji sauƙi ba, sai a lokacin ta gane dalili. Hotunan yaron ruwa ya cinye su a daminar nan. Tufafinsa ta rabar. Duk duniya babu inda jikin Fermín ya bar alama sai nan, kuma alamar tana dab da lagwani. Kafin Fada ya gama wa'azi wuta ta lashe ta.

Nicanor ya tsaya a ƙofa, hannunsa duk jini da gashi.

"Lala," ya ce, sunan da ya daɗe bai kira ta da shi ba. "Ni dai na fi so ya ƙone a coci da ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Amma ke ce uwarsa."

Ya koma. Ta daɗe a zaune, har inuwar mangwaro ta hau taga.

Lahadi da sassafe ta yi wa Otilia wanka, ta sa mata farar riga da mayafi. Ba a ba yarinyar komai ta ci ba, gama Fada ya ja musu kunne kada kowa ya kai wani abu baki kafin Jibi. A bakin ƙofa Eulalia ta ɗaga kyandir ɗin, ta ɗora leɓɓanta a kan shatin, sannan ta damƙa wa 'yarta. Hannun yarinyar da sanyi kamar kullum.

A coci tsohon lagwani ya ƙi kamawa, sai da Hermelinda ta tsinke kansa da farce. Da ya kama kuwa, ya ci da kyau. Eulalia ba ta ji wa'azi ba. Daga inda take zaune tana kallon kakin yana narkewa, yana gangarowa. Haƙoran sama suka tafi, na ƙasa suka bi su. Sa'ad da Otilia ta durƙusa gaban bagadi ta buɗe baki, saman kyandir ya zama sumul. Eulalia ta yi kuka, matan da ke kusa suka ɗauka na murna ne.

A gida tamfol bai tashi ba, abin da Nicanor ya yi ta nuna wa Hermelinda ke nan duk lokacin da ta gifta. Aka sauke tukunyar tamal, aka zuba cakulan mai zafi, yara suka rufu a kan burodi mai zaƙi. Otilia ta zauna a kan kujerar da aka yi wa ado da farar takarda, ta ci kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga abinci ba. Da Eulalia ta zo ɗauke farantinta, babu ko ɓurɓushi. Ta taɓa hannun yarinyar ta ji ɗumi, wataƙila na kofin cakulan ne.

Ta ɗauki guntun kyandir ta shiga ɗaki don ta naɗe shi a tawul. Farin ƙyallen nan na tsakiya ya sassauta, ya zame ƙasa. A inda yake ɗaure a dā, yatsanta ya faɗa cikin ramuka. Huɗu a sama, huɗu a ƙasa.

"Otilia! Zo nan."

Yarinyar ta shigo da cakulan a leɓe.

"Ke kika ciji wannan a coci?"

"Haba Mama, ai Fada ya ce kada mu sa komai a baki."

"Buɗe in gani."

Ta wage baki tana dariya, manyan haƙoran nan nata suka bayyana. Ko ɗaya ba zai shiga ramukan ba. Eulalia ta yi ƙoƙarin tuna ko tun ranar da yaron ya yi cizon sau biyu ya yi, ƙyallen ya rufe ɗaya. Ta kasa tunawa.

"Je ki wurin baƙinki," ta ce.

Ba ta mai da kyandir ɗin akwati ba. Ta tsai da shi a kan ɗan teburin da ke gaban hoton Uwa Maryamu. Ta fita tsakar gida ta ɗebo cakulan a ƙaramin kofi, ta gutsuro rabin burodi. Hermelinda ta bi ta da kallo.

Da Eulalia ta dawo, karen yana tsaye a ƙofar ɗakin yana kaɗa jela. Ta raɓa ta gefensa ta shiga, tana hura kofin don kada ya yi zafi da yawa.