Lemon da Likita Ya Ce

Haulatu ce ta fara ganin tururuwan. Duk inda Malam Sammani ya tsuguna a bayan gida, kafin ya gama ɗaure mazagi sun yi layi kamar an gayyace su suna. Ta zuba toka, ta zuba kananzir, washegari suka dawo da danginsu. Ga mutum sai ramewa yake, ga ƙishirwa, randa guda ba ta kai shi la'asar.

Shi Malam Sammani dillalin goro ne a nan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, shekara talatin yana ciniki da Yarabawa. Yarbanci a bakinsa, ka ce a Ibadan aka yanke masa cibiya. Shekarar da aka fara yaƙin basasa ke nan, shekarar da ɗansu Manniru ya ajiye aikin akawu ya shiga soja, gidan ya rage daga ita sai shi. Da ta ishe shi da mita, ya saka babbar riga ya tafi babban asibiti. Ita dai ba ta fita, sai ta zauna jiran labari.

Ya dawo da wani kati a aljihu da ɗan gwangwani na ƙananan ƙwayoyi farare.

"Me suka ce, Malam?"

"Ciwon sukari wai. Ni da sukari mun rabu. Ba a shayi, ba a koko."

"To me za ka sha?"

Ya ɗan dubi rufin ɗaki, ya gyara hula. "Sun ce in sha lemo. Guda ɗaya kullum."

To, ku dai kun san Hausa. Wanda ake ɓarewa lemo ne, wanda ake fasa wa marfi lemo ne, kuma duka biyun sha ake yi. Haulatu ba ta tambayi wanne ba. Me zai sa ta tambaya? A zamanin nan lemon kwalba abin manya ne, sai biki, sai baƙo mai mota. A ganinta likitan da ya yi karatu har Ingila ba zai aiki mutum wajen mai tire a bakin titi ba. Abin da injin Turawa ya tace ya rufe, ai shi ya fi kama da magani.

Daga ranar ta zama ɗan sanda. Ta ɗauke kwalin sukari ta kulle a adaka, makullin a ƙugunta. Koko salam, shayi salam. Ran da ta tsinci ƙwaya biyu na sukari a aljihun rigarsa wajen wanki, har maƙwabta sai da suka ji.

"Kai da furfurarka, Malam! Satar sukari?"

"Ba sata ba ce, ajiya na yi."

"Wa ka ajiye wa? Tururuwan?"

Ƙwayoyin gwangwanin nan kuwa sakarin ne, maganin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, an ba shi ya riƙa jefawa a shayi. Haulatu ta san shi sarai, don ita ma kunun zaƙi take sayarwa daga cikin gida, kuma tun da yaƙi ya sa sukari ya yi tsada, mata suka koma zuba shi a ɓoye. Ita ba ta taɓa ba. Ta ce abin maha'inta ne, zaƙi a gaba, ɗaci a maƙogwaro. Kande, tsohuwar da ke yi mata cefane, ta ƙara da cewa ta ji yana busar da jini. Shi ke nan, gwangwani ya tafi masai.

Amma lemo bai taɓa yankewa ba. Kullum Kande ta kawo kwalba, Haulatu ta tsoma a gindin randa tun hantsi. In ya dawo daga sallar azahar ta fasa masa, ta zauna tana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka, zuciyarta fes. Da ta ga ƙishirwar na ƙaruwa, ta ce ƙila maganin ne ya yi kaɗan, ta mai da shi biyu. Malam bai yi gardama ba. Mutumin da ke gardama a kan gishirin miya, a kan wannan dai ko tari.

Shekara biyu ana haka. Ido ya fara hazo, har ya daina bambanta farin goro da ja sai ya kai kusa da hanci. Sai wata 'yar ƙusa ta soke shi a babban yatsan ƙafa a tashar Ojoo, ciwo ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari.

Ana cikin haka Manniru ya samu hutu ya zo. Ya gaida uban, ya ga ƙafar, ya ga kwalabe jere a bayan ƙofa sun kai gwiwa.

"Inna, waɗannan fa?"

"Maganin babanka."

"Wane irin magani?"

Ta ɗauko katin asibitin daga ƙasan adaka, a naɗe cikin ƙyalle kamar laya, ta miƙa masa tana jiran yabo. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya zauna a kan turmi.

"Inna, lemon itace aka rubuta. Na ɓawo. Wannan na kwalba, an ma ja masa layi biyu, an ce ko kusa. Kowace ɗaya sukarin da ke ciki ya fi wanda kike kullewa a yini."

Haulatu ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, ta tsaya a kan Malam.

"Da wane harshe likitan ya yi maka magana?"

"Wata nas ce ta fassara."

"Da wane harshe?"

"Da Yarbanci."

"Me ta ce?"

"Osan," in ji shi.

Ko ita da ba ta fita ta san osan, lemon ɓawo ke nan, kullum ana tallarsa a ƙofar gida. A Yarbanci ba ya shiga kwalba.

"Ashe ka sani."

"Ban yi miki ƙarya ba, Haula. Lemo na ce."

"Ka bar ni ina ba ka da hannuna."

"Kin hana ni komai," in ji shi, a hankali. "Shi kaɗai kike kawo min kina murmushi."

An yanke ƙafar daga gwiwa kafin hutun Manniru ya ƙare. Malam ya ƙara wata bakwai a kan tabarma. Kullum bayan azahar ta ɓare masa lemo guda, ta cire 'ya'yan, ta sa masa a baki. Ya tsotsa ya yamutsa fuska ya ce da tsami. Ta ce haka likita ya ce. Ba su sake tayar da maganar ba har ya cika, ana saura kwana kaɗan a ce yaƙi ya ƙare.

Kwalaben ba ta mayar ba, ba ta kuma zubar ba. Ta ce ba a mayar da shaida. Ta rayu shekara ashirin bayansa, kuma duk wanda ya ce lemo a gidan nan, baƙo ne ko jika, sai ta tsayar da abin da take yi ta dube shi.

"Wanne?"