Dala Mai Karyayyen Kai

Duk unguwar Karantina ta Jidda babu wanda bai haddace labarin kabarin Dela ba, don mijinta Ɗan'azumi ba ya gajiya da faɗinsa. Tsoho ne, ya makance, yana wuni a bakin ɗakinsa na langa-langa yana jan carbi. Da ƙafa ya baro ƙasar Kano zuwa Makka, shi da matarsa da jariri a goye. A Sudan, kusa da wani gari da ake kira Kabushiya, zazzaɓi ya kwantar da Dela, ba ta tashi ba. 'Yan ayari suka taya shi haƙa, suka binne ta da hantsi, suka ce a ɗaura kaya.

"Ba za ta ɓata ba," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi. "A gindin wata dala na sa ta, kamar dalar gyaɗa amma ta dutse, kabarin wani sarkin dā. Kanta a karye yake, kuma ita kaɗai ce a wurin. Na kafa tsingaron tukunyarmu a wajen kai."

Jaririn nan shi ne Rafi'u. A Jidda ya girma, Larabcinsa ya fi Hausarsa santsi, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Bai yi aure ba, abokai ma ba su dame shi ba. Kullum yana sauke buhuna daga jiragen Sudan, yana kallonsu suna komawa. Bai san fuskar uwarsa ba, kuma abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa.

Bayan hajin 1965 tari ya kama tsohon. Wata safiya ya lalubo hannun ɗansa ya danƙa masa ƙaramin gwangwanin zamzam.

"Ya waladi, ni kam shi ke nan, ƙafata ta ƙare. Ka je ka yi wa uwarka sallama. Ita ba ta samu ta sha ba, ka zuba mata."

"To, Baba."

Ya bar tsohon a hannun maƙwabciyarsu Barakatu mai ƙosai, ya hau jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, daga nan ya hau na ƙasa. A Kabushiya ya sami wani dattijo mai jaki, ya tambaye shi dala mai karyayyen kai. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya hau kawai.

Sun yi tafiya cikin rairayi har rana ta take, sannan suka hau wani tudu. Rafi'u ya sauka daga jakin ba tare da ya san ya sauka ba. Dalar ba ɗaya ba ce. Ga su nan jere a kan tudu, wasu a ƙasa, wasu can nesa, baƙaƙe-baƙaƙe cikin jan rairayi. Ya fara ƙirga su, ya bari. Kusan duk wadda ya kalla kanta a karye yake.

"Wani Bature ne ya farfasa su tun zamanin kakanninmu, wai yana neman zinariya," in ji mai jakin. "Wacce kake nema?"

"Wadda take ita kaɗai."

"Nan babu mai zama ita kaɗai sai in rairayi ya ɓoye maka 'yan'uwanta. Kuma rairayin nan ba ya kwana inda ya wuni."

Dattijon ya ja jakinsa inuwa ya bar shi. Rafi'u ya ce a ransa ai da sauran alama, ya sunkuya yana neman tsingaro. Bai yi nisa ba ya samu, ya ɗauke shi. Sai ya ga wani kusa da shi, da wani, da wani. Ƙasar wurin duk tsingaro ce, ja da baƙi, tukwanen mutanen da suka mutu tun kafin a san Kano. Ya tsaya riƙe da guda a hannu kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo.

Haushin ubansa ya turnuƙe shi. Shekara da shekaru mutum yana cika baki da alama, ashe kai bai ɗaga ba ya duba bayan tudu! Amma haushin bai daɗe ba. Ya tuna mutum ne da jariri mai kuka a kafaɗa, ayari na kiransa, ido cike da hawaye. Abin da ya gani ya faɗa.

Ya shiga tsakanin gine-ginen. A gaban wasu akwai ɗan ɗaki, a bango an sassaƙa wata sarauniya mai ƙiba tana zaune ana kawo mata kaya. Ita an san inda take, ga ta har da fuska. Ya fito, ya tsaya fili, ya yi sallama da ƙarfi, ya kira sunan da bai taɓa kira ba: "Inna!" Ba abin da ya motsa sai iska. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba.

Ya huda gwangwanin, ya riƙa bin gindin kowace dala yana ɗiga kaɗan yana addu'a. Bai kai rabinsu ba ruwan ya ƙare. Kafin ya juyo, inda ya fara ma ya bushe.

Da ya dawo Jidda ya tarar tsohon ya rame, tari ya ci ƙarfinsa. Barakatu ta yi guɗa, maƙwabta suka cika ƙofar ɗaki, ana ta miƙa shayi.

"Ka ga dalar?" Ɗan'azumi ya tambaya, yana shafa fuskar ɗan.

"Na gani, Baba."

"Kanta a karye?"

"A karye."

"Tsingaron fa?"

Rafi'u ya dubi fuskar tsohon. "Akwai shi."

"Alhamdu lillahi! Kun ji ko? Ban faɗa muku ba?" Ya juya wajen mutane yana dariya yana tari. Mata suka yi ta sa wa Rafi'u albarka, wai ɗa na gari ya gano uwarsa. Shi kuwa yana zaune a tsakiyarsu, shayinsa ya huce a hannu.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, tsohon ya jawo shi kusa, ya rage murya.

"Na daɗe ina tsoron in mutu da wurin nan a cikina. Yanzu na sauke. Kai kaɗai ka san inda take, Rafi'u. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ka kai su, ka nuna musu."

Rafi'u ya gyara masa matashi. Ya buɗe baki, ya ga yadda fuskar tsohon ta kwanta, ya ce, "To, Baba."