Uwar Da Malam Ƙamus Ya Rubuta

Baturiyar da ke yin jarrabawar ta danna na'urar ɗaukar murya, ta turo wa Nas katin tambaya: ta ba da labarin mutumin da ya fi kowa tasiri a rayuwarta. Nas ta sauke ajiyar zuciya. Wannan kam tana cikin hadda.

Jarrabawar magana da Turanci ce, ita kaɗai ta rage tsakaninta da aikin da wani asibiti ya ba ta a ƙasar waje. Ta taɓa faɗuwa, asibitin kuwa ya ce in ta sake, wani za a ba gurbin. Shi ya sa ta shiga ajin Malam Ƙamus, mutumin da ko gaisuwa ba ya yi sai da karin maganar Turawa. A wurinsa Turanci tsurarsa miya ce ba gishiri. Don kada ɗalibai su wahala, shi yake rubuta amsoshi, su kuma su haddace. Aboki ɗaya ya rubuta wa ajin kaf, gari ɗaya, uwa ɗaya.

Nas ta gyara zama, ta yi murmushin da aka koya mata, ta shiga zubawa. Mahaifiyarta mai zuciyar zinariya ce, gishirin duniya ce, ga lafiya garau kamar goge, wai haka Turawa ke cewa. Ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Baturiyar ta ɗaga hannu.

"Tun safe nake haɗuwa da wannan matar," in ji ta cikin Turanci mai sauƙi, ba da faɗa ba. "Duk wanda ya zauna a kujerar nan, ita ta haife shi. Ba a ba da maki a kan hadda. Kina da sauran lokaci. Ba ni labarin taki uwar."

Tata uwar makon jiya aka binne ta. Nas ce da hannunta ta cire mata robar ƙarin ruwa, a ɗakin da take aiki. Ba ta gaya wa kowa a aji ba. Kukan ma ta ɗage shi sai bayan jarrabawa, kamar yadda ake ɗage wanki.

Ta buɗe baki, ta laluba kanta. Abin da ya fara zuwa shi ne darasin mutuwa, ranar da Malam ya jero musu yadda Turawa ke faɗinta: shure bokiti, cizon ƙura, tura furanni daga ƙarƙashin ƙasa. Ajin har riƙe ciki aka yi don dariya, ita ma ta yi. Yanzu kuwa abin bai ba ta dariya ba. Ko asibitin za a ba ta kyauta, ba za ta ce Inna ta shure bokiti ba. Kalmar Turancin nan mai sauƙi ta mutuwa ta san ta sarai, kullum tana faɗinta a kan iyayen wasu, amma ta kasa ajiye ta kusa da Inna.

"Ina saurarenki," in ji Baturiyar, tana satar kallon agogo.

Da maganar ta fito, da Hausa ta fito.

"Inna ba wata zinariya ba ce. Masifaffiya ce ta gaske. Tela ce, keke ya cinye mata gwiwoyi, amma ki ba ta magani sai ki tsince shi a ƙarƙashin matashi. Ita ta ce in tafi. Ta ce ita ba kaya ba ce da zan zauna gadinta." Hawaye suna ɗiga a kan katin, ba ta share ba. "Tana kwance ina hadda a gefen gadonta, ta ce, 'Ke, me kike ta surutu kamar rediyo?' Na ce yabonki nake yi, Inna. Ta ce, 'To ki yi da bakin da zan ji mana.'"

Ta ci gaba. Ta san kowace kalma tana rufe mata ƙofar asibitin nan, ta kuma ji ba za ta iya tsayawa ba.

Baturiyar ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ba ta katse ta ba har lokaci ya cika. Ta kashe na'urar, ta miƙa mata hankici. Ta jira Nas ta share fuska ta miƙe, sannan ta ɗauki biron ba da maki.