Tokar da Ke Cikin Kan Baba

Malama ta ninke takardar sakamakon, ta sake warware ta. Sau uku ke nan tana karanta layi ɗaya a tsaye a barandar asibiti, mutane na gogar kafaɗarta suna wucewa.

"Ke, faɗa mana mana," in ji Inna daga kan benci. "Duk Turancin da kike koya wa 'ya'yan mutane, yau ya ƙare?"

Bai ƙare ba. Da shi ta tsare likita ɗazu, ta hana shi sallamarsu da kalma biyu, har sai da ya cire tabarau ya yi mata bayani dalla-dalla. Abin da aka rubuta shi ne grey matter, wato ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ruwan toka, inda tunani da tunawa suke. Na Baba yana raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Wani wuri ne a ƙwaƙwalwa, mai launin toka," ta ce a hankali. "Shi ne ya gaji."

Baba, da ke zaune kusa da Inna, ya ɗago kai.

"Wace irin toka, Uwata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Toka ai ba ɗaya ba ce. Miƙo in gani."

Ta zaro baƙin hoton ƙwaƙwalwarsa daga ambulan ta ba shi. Ya kara shi da hasken rana, ya kanne ido ɗaya, yadda yake yi wa murfin gwangwani a shago. Shekara talatin da huɗu yana haɗa fenti da ido, ba awo, ba na'ura. Tun tana firamare ita ke karanta masa sunayen da masu gini ke kawowa a katin launi. Slate, ta ce masa tokar allon dutse. Dove, bayan kurciya. Charcoal, gawayi. Yakan yi dariya ya ce Turawa sun raba toka gida goma don su wahalar da talaka, sannan ya ɗiga baƙi, ya ɗiga shuɗi, ya juya da sanda, launin ya fito daidai.

"Wannan an cika mata fari," ya ce. "Wanda ya haɗa ta sabon hannu ne."

Inna ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

A watan jiya ne ya haɗa wa wani ɗan kwangila bokiti shida na launi ɗaya, suka fito kala uku, domin yana zuba baƙi yana mantawa ya zuba. Bayan mako guda maƙwabcin shago ya same shi zai kunna ashana kusa da buɗaɗɗen galan na tina, ruwan sirka fenti mai saurin kama wuta, wai yana neman abin da ya faɗi a ƙasa. Yau likita ya yanke magana: kada ya ƙara zuwa shago.

Da Baba ya shiga banɗaki, Inna ta kamo hannunta.

"Makullin shagon yana aljihunsa na gaba. Ke za ki karɓa."

"Ni kuma, Inna? Ga Yaya can."

"Yayanki na buɗe baki za su yi faɗa. Ke kaɗai yake jin maganarki. In mota ta zo kwanar shago zai ce zai sauka, kin san halinsa. Kar ki bar shi."

Suka samu kujerar baya a bas, Baba a bakin taga, Malama a tsakiya. Tun daga ƙofar asibiti take shirya abin da za ta ce. Za ta ce hutu ne na wata guda. A'a, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma za ta fara yau ba. Za ta ce umarnin likita ne, ya ce likita bai san fenti ba. Zai ɗaga murya, fasinjoji su juyo, ita kuma ta dake ta riƙe hannun rigarsa. Duk wanda ya tsoma baki, tana da amsarsa. Ta gyara zama, ta tokare gwiwarta da kujerar gaba don ta tare hanya.

Suka wuce gidan mai, suka wuce masu walda. Direba ya rage gudu.

"Kwanar 'yan fenti, akwai mai sauka?"

Mata biyu suka sauka da buhunansu. Ga shagon nan a tsallaken titi, ƙofar ƙarfe a rufe, dabbare-dabbaren fenti a kan dakali, maƙwabcin na zaune a kan bokitin da ya kife. Idon Baba na kan wurin. Yana kallonsa yadda ya kalli gidan mai da masu walda.

"Uwata, da sauran tafiya ne?" ya ce. "Ƙafata ta yi tsami."

Inna ta juya fuska ɗaya gefen. Malama ta ji bakinta ya buɗe, saura kaɗan ta ce wa direba ya dakata, akwai mai sauka. Mota ta ja.

"Mun kusa, Baba," ta ce.

Ta janye gwiwarta daga jikin kujera don ya samu wurin miƙe ƙafa. Makullin kuwa ta bar masa shi a aljihu.