Maniru ya durƙusa a bakin raga

Duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar Malam Husaini a Bodinga ya san ba a tashi sai an sha labarin ƙwallo. Shi ne golan farko na Zaratan Bodinga, tun filin nasu yana rabin gonar gero. Idanu sun daɗe da mutuwa, amma kai bai manta wasa ko ɗaya ba. Ka ce masa Danchadi, ya ce an ci su, sun ci, ba abin faɗi. Ka ce Dingyadi, ya tsuke baki ya nemi ruwa, don waɗannan sun sha yi musu wulaƙanci har gida. Amma ka ce Shagari, sai tsoho ya gyara zama.

"Shagari? Tun da anka fara gasar nan ba su taɓa cin mu ba. Canjaras dai sun samu. Ci kuwa, ko cikin mafarki."

Ɗansa Maniru ne ya gaji ragar. Shi kuma, don neman magana, duk 'yan matan Bodinga bai ga ta aure ba sai Firdausi, ɗiyar Alhaji Zainulabidin mai shanu na Shagari. Alhajin nan, ko akuya ta gifta ba ta gaishe shi ba sai ya tambayi ta gidan wa ce. Maniru kuwa kunyar suruki kamar ta kashe shi. In ya hango rawanin Alhaji a kasuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi.

Ranar da sunka je wasa Shagari, an kusa tashi ba wanda ya ci wani. Ƙwallo na can gefen 'yan Shagari, Maniru na tsaye shi kaɗai, sai ya ji gyaran murya a bayan raga.

"Salamu alaikum."

Ya waiwaya. Alhaji ne da laimarsa. Wallahi ba Maniru ya ba ƙafafunsa umarni ba, su sunka lanƙwashe da kansu. Ya durƙusa, ya cire safar hannu, ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, Baba, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Ya jikin Malam?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ya mutanen gida? Albasa ta yi kuwa bana?"

Ya ji ana ihu, "Gola! Gola!" Ya ji sarai. To amma wa ke juya wa suruki baya ana tsakiyar tambayar albasa? Ƙwallon ma ba wani bugun kirki ba ne, gangarowa ta yi a hankali ta wuce ta gefensa, ta kwanta cikin raga.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Af, ga abarku nan ta shigo."

Har yau matan Shagari na cewa da gangan ya zo, na Bodinga kuma na rantsuwa biyansa anka yi. Allah dai ya san gaskiya.

A mota ba wanda ya kula Maniru, sai kyaftin ɗinsu Bilyaminu da ya ce, "Ango, ka tambayi lahiyar shanun kuwa, ko mu koma?"

Yana shiga gida tsoho ya ɗago kai. "Kai yaro, ya anka tashi?"

Maniru ya dubi fararen idanun nan. "Canjaras, Baba."

"Na sani! Ɗiyan banza, a gidansu ma sun kasa."

Daga nan fa wahala ta soma. Uwarsa Kaltume ta kafa kujera a zaure, duk mai zuwa gaida Malam sai ta ja shi gefe ta gargaɗe shi kada ya faɗi cewa Shagari ta ci su. Tsoho kuwa kullum sai ya kira Maniru ya kama hannuwansa yana shafawa, yana gaya wa baƙi hannun nan irin nasa ne. Maniru ya daina cin tuwon kirki. Ya daina bi ta bakin kasuwa. Sau da dama ya tsuguna gaban uban da niyyar faɗi, sai ya ƙare da tambayar ko a kawo fura.

Ran Juma'a da hantsi sai ga Alhaji da kansa, da ƙwaryar nono, ya zo duba Malam. Wannan baƙo Kaltume ba ta isa ta ja shi gefe ba. Maniru ya rakuɓe bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Malam, godiya na zo yi. Ka yi tarbiyya. Yaron nan ana tsakiyar wasa ya durƙusa mini, ƙwallo ta shiga bai ko motsa ba. Garinmu kwana anka yi ana kiɗa, wai ba su taɓa cin Bodinga ba sai ranar."

 Malam Husaini ya lalubi carbinsa, ya yi godiyar nono, ya sa Maniru ya raka baƙo har mota.

Da Maniru ya dawo ya tarar da tsoho ya juya fuska bango.

"Baba, ka yahe mini."

Tsoho bai juyo ba.

"Baba."

"Da ka bar shi tsaye ba gaisuwa, da ni zan fara korar ka daga gidan ga," in ji tsoho, muryar a dushe. "In za ku Shagari baɗi, ka yi sammako ka biya gidansa, ka gaishe shi har albasar, ka gama. Tashi ka ba ni wuri."

Maniru ya miƙa hannu zai gyara masa mayafi. Tsoho ya janye kafaɗarsa.